Ranar Zaɓen Shugaban Ƙasa a Kaduna: Yadda Za Ka Fita da Kati Ka Dawo da Tawada a Farce

Ranar zaɓe ce kaɗai za ka fito titin Ahmadu Bello da hantsi ka tarar yara sun dasa duwatsu sun yi raga suna buga ƙwallo, ba mai yi musu hon. Kasuwar Sheikh Gumi a kulle, Kasuwar Barci ita ma haka, babu keke, babu bas, sai motar jami'an tsaro jefi-jefi da ta masu sa ido mai takarda manne a gilashi. Duk wanda zai jefa ƙuri'a a garin nan ran nan da ƙafarsa zai je. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya fara shiri tun da sauran kwanaki, domin idan ka yi kuskuren wuri babu abin hawan da zai gyara maka.

Na fara zaɓe a Kaduna tun lokacin da ake tantance mutum da safe a ce ya je ya dawo da rana ya jefa, kamar yadda aka yi a 2011 da 2015. Abin da na gani da idona shi ne, yawancin waɗanda suka fito suka koma gida farcensu fari tas ba 'yan sara-suka ne suka kore su ba. Wani akwatinsa ne bai sani ba. Wani yunwa da rana suka ci ƙarfinsa a layi. Wata kuwa ta jure ta jefa, amma tawada ta ɓata mata takarda, wahalarta ta tashi a banza. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 jihar Kaduna tana da masu rajista 4,335,208, ita ce ta uku bayan Legas da Kano, amma in ka haɗa ƙuri'un manyan 'yan takara huɗu ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Tsarin da zan bi a nan shi ne wanda aka yi aiki da shi a wancan zaɓen. Hukumar zaɓe ta INEC takan yi gyare-gyare kafin kowane zagaye, saboda haka a riƙa kasa kunne ga rediyo idan lokaci ya gabato.

Nemo akwatinka tun kafin ranar

Ɗauko katinka yanzu ka duba. A jikinsa akwai wasu lambobi kashi huɗu a jere. Na farko na jiha ne, na Kaduna kuwa 18 ne. Na biyu ƙaramar hukuma, na uku gunduma, na huɗu rumfarka. Mu da muke cewa "cikin Kaduna" a gaskiya ƙananan hukumomi huɗu muke zaune: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, sai Rigasa da Rigachikun da ke Igabi, sai su Sabon Tasha da Narayi da Nasarawa da ke Chikun. Sanatanmu ɗaya ne, na Kaduna ta Tsakiya, amma ɗan majalisar wakilai kowa da nasa. Ka san naka kafin a miƙo maka takarda.

Inda ka yi rajista, nan ne za ka jefa. Na'urar kowace rumfa mutanen rumfar kawai ta sani, ko da kuwa ɗayar rumfar tana bayan katanga. A nan ne mutanen birni suke shan wahalar da mutanen ƙauye ba su sha, domin mu masu tashi ne. Kuɗin haya ya kore ka daga Unguwar Rimi zuwa Hayin Rigasa. Yarinya ta yi rajista a gidan mahaifinta a Tudun Wada, aure ya kai ta Kawo. Ɗalibi ya yi tasa kusa da makaranta, ɗan kasuwa kusa da shago. Ana iya mayar da rajista zuwa sabuwar unguwa, amma sai a lokacin da hukumar ta buɗe ƙofar sabunta rajista, kuma ana rufe ta watanni kafin zaɓe. Idan ta wuce ka, dabara ɗaya ta rage: ka je ka kwana a tsohuwar unguwarka ranar Juma'a, gidan ɗan'uwa ko aboki. A 2023 'yan sanda sun hana zirga-zirgar ababen hawa daga 12 na dare zuwa 6 na yamma. Wanda ke zaune a Barnawa akwatinsa yana Badarawa, ko akasin haka, kada ya yaudari kansa cewa zai tsallaka gadar kogin Kaduna da sassafe. Akwai shinge, kuma masu tsaron shingen ba a ba su aikin sauraron uzuri ba.

Akwai kuma wani tarko. A 2021 an ƙara yawan rumfuna a ƙasar daga kusan 120,000 zuwa 176,846, aka rage wa masu cunkoso mutane aka mayar da su sababbi. Ni kaina na faɗa ciki. Shekara da shekaru ina jefa ƙuri'a a gindin wani mangwaro a harabar makarantar firamare ta unguwarmu, don haka ban ga dalilin duba komai ba. Na kama layi tun bakwai, na sha hira, na sha rana, sai wajen sha ɗaya na iso gaba. Ɗan bautar ƙasar ya duba kati, ya duba takarda, ya ce, "Baba, ba nan kuke ba, ku zagaya bayan masallaci." Na zagaya na tarar da rumfar da mutanenta ba su fi arba'in ba a tsaye, wasu har sun gama sun tafi. Awa huɗu na zubar don ƙyuyar minti biyar. Hukumar tana da shafin intanet da ake sa suna ko lambar kati a ga rumfa. In ba ka iya ba, ba yaron gida ya duba maka, sannan ka taka da ƙafarka ka ga wurin ido da ido. Ranar zaɓe kuma, kafin ka shiga layi, ka fara zuwa bangon da aka liƙa rajista ka nemo hotonka.

Jajibiri

Ranar Juma'a a yi cefanen kwana uku ko huɗu, a tanadi ruwa, a riƙe ɗan kuɗi a hannu. Wanda ya ga watan Fabrairun 2023, lokacin da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 ya sa mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen biredi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Cefanen ba na ranar zaɓe kaɗai ba ne, har da kwanakin jiran sakamako, lokacin da 'yan kasuwa kan buɗe shago ƙofa ɗaya suna leƙe.

Ka yi cajin waya ka cika, in kana da ɗan batirin ajiya shi ma haka, domin da daddare za ka buƙaci fitilarta. Katin kuwa ka sa shi tun daren a aljihun rigar da za ka sa. Ba a karɓar hotonsa a waya, ba a karɓar kwafi, ba a karɓar katin ɗan ƙasa a madadinsa. Rigar ma a zaɓa: kada ta zama mai hoton ɗan takara ko tambarin jam'iyya, haka hula, haka hijabi ko atamfar da aka raba a wajen gangami. Kamfen yana ƙarewa ne awa 24 kafin ranar, kuma doka ta hana neman ƙuri'a ko nuna alamar jam'iyya a cikin tazarar mita 300 daga rumfa.

Mata, a ɗaga wa ƙunshi ƙafa a wannan makon, musamman baƙin lalle mai kauri a kan yatsu. Biki ba ya ƙarewa a garin nan, za a yi wani.

Abu na ƙarshe, kunna rediyo da asuba kafin ka sa takalmi. A 2019 mutane sun kwanta da niyyar zaɓen 16 ga Fabrairu, suka farka suka ji an ɗage shi cikin dare zuwa 23 ga wata. Wasu sai a bakin rumfa suka ji labari.

Safiya da layi

A ƙa'ida ƙarfe 8:30 ake buɗe rumfa. Ma'aikatan, waɗanda galibinsu masu yi wa ƙasa hidima ne, sukan kwana a cibiyar gunduma tare da kayan aiki, da safe motoci su rarraba su. Rumfar da ke kusa da cibiyar takan fara da wuri, ta nesa sai ta jira. Saboda haka karya kumallo sosai kafin ka fita, ka ɗauki gorar ruwa, da hula ko lema marar launin wata jam'iyya. Ƙarshen Fabrairu a Kaduna mayaudari ne: da safe sauran sanyin hunturu, kafin azahar rana ta fara dukan tsakar ka. Dattijo ya tafi da 'yar kujera ko darduma. Mai ciwon suga ko hawan jini ya sa maganinsa a aljihu, da ɗan abin taɓawa.

Kusan kowace rumfa za ka tarar wani ya yagi takarda yana rubuta suna yana ba da lamba tun kafin ma'aikata su iso. Wannan tsarin jama'a ne, ba na hukuma ba, amma ka karɓi lambarka. Yana rage tsayuwa, kowa ya samu inuwa ya zauna har a kira shi. Inda yake lalacewa shi ne idan mai takardar ya fara cusa abokansa, ko aka wayi gari da takarda biyu. In an samu dattijo ɗaya da unguwa ke jin kunyarsa ya tsaya kusa da takardar, an huta.

Idan kana cikin na farko, buɗe ido lokacin da ake shirin farawa. Shugaban rumfa zai ɗaga akwatuna uku ya nuna wa kowa babu komai a ciki kafin ya rufe su, a kuma nuna fuskar na'ura cewa ba ta tantance kowa ba tukuna, sifili take nunawa. Ejan-ejan na jam'iyyu suna wurin da katinsu a wuya. Wannan sifilin ka riƙe shi a ranka, da yamma zai yi amfani.

A unguwanninmu layi biyu ake yi, na maza da na mata, kuma doka ta yarda da haka. Ana ɗaukar ɗaya nan ɗaya can. Tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da masu buƙata ta musamman gaba ake sa su, haƙƙinsu ne ba alfarma ba. In ka ga tsohuwa ta rakuɓe a gefe tana jin nauyin magana, kai ka yi mata: "Hajiya, ku taso mu je gaba, ba a sa irinku layi." Makaho yana da damar zuwa da wanda ya yarda da shi ya taimaka masa, ba ejan ɗin jam'iyya ba.

Ƙarfe 2:30 ake rufe layi, ba zaɓe ba. Duk wanda ke cikin layi a lokacin sai ya jefa, ko da za a kai isha. Jami'in tsaro kan tsaya bayan mutum na ƙarshe don kada a ƙaru. Matsalar ita ce lokacin yana karo da azahar. In za ka je salla, ka shaida wa na gabanka da na bayanka, ka yi ta a kusa, ka dawo kafin biyu da rabi. Na ga wanda ya tafi gida salla ya haɗa da cin abinci da ɗan kishingiɗa, ya dawo uku saura, ya yi rantsuwa har ya gaji cewa tun safe yake nan. Gaskiya ya faɗa, amma bai jefa ba.

Gaban na'ura

Tebur-tebur ne. Na farko zai duba katinka ya tabbatar na rumfar ne. Na biyu shi ne mai riƙe da BVAS, na'urar da ta maye gurbin tsohuwar mai karanta kati ta 2015. Zai nemo ka a ciki, ko ta lambar da ke bayan katin, ko ta lambobin ƙarshe na rajistarka, ko ta sunanka, sannan ya ce ka ɗora yatsa. In yatsa ya ƙi, sai ya ɗaga ta ya ɗauki fuskarka. Ɗaya daga cikin biyun ya isa. In duka biyun suka ƙi bayan an gwada an sake gwadawa, ba za a ba ka takarda ba. A da akwai fom da ake cikewa a bar mutum ya wuce, a 2023 an soke shi, don ta nan ne aka riƙa shigar da waɗanda ba su zo ba.

Yatsun da suka fi ba da wahala su ne na masu aikin hannu: makanikai da maƙeran Panteka, birkiloli, mata masu wanki da surfe, da tsofaffin da zanen yatsunsu ya shafe. Hunturu ma yana busar da fata. Goge yatsan a riga, in ya bushe ƙwarai ka ɗan hura masa iska daga baki ko ka shafa shi a goshi, amma kada ka zo da hannu sharkaf da man shafawa. In za a ɗauki fuska, cire tabarau, ka fuskanci haske, ka daina murmushi. Mai niƙabi za ta ɗaga shi na ɗan lokaci. In akwai mace cikin ma'aikatan, ki nemi ita ta ɗauka, ku ɗan juya wa layin maza baya. Ana yin haka lafiya lau in an yi magana cikin ladabi.

Za ka ji ana cewa "babu netwok" idan layi ya tsaya. Tantancewa ba ta buƙatar sabis, sunayen suna cikin na'urar. Sabis sai wajen tura sakamako. Abin da kan tsayar da ita shi ne caji, ko zafin rana, ko mai riƙe da ita bai saba ba. In ta mutu ɗungurungum, ana kiran mai gyara ko a kawo wata. In ba a samu ba, dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke zaɓen rumfar, a shirya wani cikin awa 24 idan hukumar ta ga zai iya sauya sakamakon ƙarshe. Kada ku yarda wani mai baki ya ce a ci gaba da hannu "tunda duk mun san juna". Ƙuri'ar da aka jefa ba tare da na'ura ta ƙirga mai ita ba, ita ce za ta jawo a soke akwatin gaba ɗaya.

Daga nan sai tebur na uku, inda za a nemo sunanka a rajistar takarda a yi alama, a shafa maka tawada a gindin farce. Sai shugaban rumfa ya ba ka takardu uku: ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Juya bayan kowacce ka ga hatimi da sa hannu da kwanan wata. In babu, mayar masa nan take ya sa.

Dangwalawa

A nan ake asarar da ta fi ba ni haushi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'u 939,278 aka ƙi ƙirgawa a faɗin ƙasar don sun lalace. Masu su duk sun sha layi kamar kowa.

Takardar ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, tambarin jam'iyya ne da harufanta. A 2023 jam'iyyu 18 ne, an jera su bisa harufa, kuma tara daga ciki da harafin A suka fara: A, AA, AAC, ADC, ADP, APC, APGA, APM, APP. Can ƙasa kuma PDP da PRP suna maƙwabtaka, lema a sama, ɗan makulli a ƙasa. Wanda ya dogara da harufa alhali idonsa ba ƙarau ba, zai iya ba wanda bai yi niyya ba. Tambari za ka nema, kuma ka tabbatar da shi a makon zaɓen, domin jam'iyya kan sauya tambari, ɗan takara ma kan sauya jam'iyya. Tsofaffin gida a zauna da su da daddare a nuna musu samfurin takardar, a bar su su nuna da kansu har sau biyu.

Ka shiga wurin sirri kai kaɗai. An hana shiga da waya ko ɗaukar hoton takarda. Taɓa tawadar kaɗan, kada ka dulmiya yatsa. Dangwala sau ɗaya a cikin gidan da ke gefen tambarin, kada ya hau layin da ya raba jam'iyya biyu, kada ka ƙara na biyu don ka ga na farko bai fito sosai ba. Ba a rubuta komai, ba a sa hannu. Sai ka goge yatsan kafin ka taɓa takarda ta gaba, don yawancin ɓarnar daga ragowar tawada take: mutum ya gama ta shugaban ƙasa, ya ɗauki ta sanata da yatsan nan, ya bar mata tabo a gidan wata jam'iyya. Ba ta daƙiƙa kaɗan ta sha iska. Wajen naɗewa, bi tsawonta, rubutun yana ciki, yadda danshin ba zai sauka a gidan wani ba. In ka ninke ta sama da ƙasa kamar wasiƙa, dangwalenka na iya haifar ɗan'uwansa a wani gidan.

In ka ɓata takarda bisa kuskure, kada ka jefa ta haka. Kai wa shugaban rumfa, zai soke ta ya ba ka wata.

Akwatunan a fili suke, kowa na gani. Mai jan murfi na shugaban ƙasa, mai baƙi na sanata, mai kore na wakilai, kuma an rubuta a jiki. Saka kowacce a gidanta.

Masu sayen ƙuri'a kuwa ba sai ka neme su ba. Suna can wani zaure ko lungu, da ɗan littafi, wani lokaci da taliya da atamfa, a 2023 har da alkawarin tura kuɗi ta waya tunda takardar kuɗin ta yi wuya. Su ne ke son ka ɗaga takarda su gani kafin ka jefa. Laifi ne a doka ga mai saye da mai sayarwa, kuma jami'an EFCC kan zagaya ranar. Ni dai abin da nake ce wa yaran gidanmu, wanda ya saye ka da kuɗin cefanen kwana biyu ya gama biyan ka, kada ka je ƙofarsa da kuka bayan an rantsar da shi.

A kasa, a tsare

Ka jefa, ka ga tawada a farce. Je gida ka ci abinci, ka yi salla, ka huta, sannan ka dawo wajen la'asar. Doka ba ta hana mai zaɓe tsayawa ya ga ƙirga ba, muddin cikin natsuwa ne. Kalmar nan da aka daɗe ana faɗa a Arewa, a kasa a tsare a raka, rabinta na farko aikin kowa ne. Rakiyar kuwa a bar wa ejan da jami'an tsaro, don taron da ke bin akwati da gudu cikin dare ba ya ƙarewa da daɗi.

Ga yadda ake yi. In mutum na ƙarshe ya jefa, shugaban rumfa zai soke takardun da suka rage ta hanyar ja musu layi. Sai a zazzage akwati a kan tebur ko tabarma, a ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, ana ɗaga kowacce sama. Masu matsala a tara su gefe. Sannan a ƙirga da ƙarfi, jama'a na amsawa, ɗaya, biyu, uku. A nan ake gardama, galibi kan takardar da dangwalenta ya ɗan taɓa layi. Hukunci na shugaban rumfa ne, ejan na da damar ƙin yarda, yana kuma da damar neman a sake ƙirga sau ɗaya. Ka bar su su yi. Ka tuna yaron nan ko yarinyar nan mai kakin bautar ƙasa baƙo ne, wataƙila daga Inugu ko Ibadan, bai yi barcin kirki ba, mai yiwuwa bai ci komai ba tun safe, ga mutum ɗari biyu sun zagaye shi suna magana da harshen da bai gama ji ba. A rumfarmu wata Hajiya ce ta aiko musu da kular shinkafa da wake da ruwan sanyi, ta ce wa yaron da ya kawo, "Ka ce musu 'ya'yana ne, su ci su ƙarasa mana aiki." Daga nan muryar kowa ta sauka.

Magariba takan riski ƙirga. A kawo fitila mai caji, a haɗa hasken waya, mai janareta a kusa ya jawo waya. Duhu shi ne abokin mai son ya yi wasa da takardu.

Lamba ɗaya ce za ka fi sa wa ido: mutum nawa na'ura ta tantance. A nemi a nuna fuskarta kamar yadda aka nuna sifili da safe. Ƙuri'un da aka jefa duka, masu kyau da lalatattu, ba za su wuce wannan adadin ba. In sun wuce, aringizo ke nan, kuma hukuncinsa soke sakamakon rumfar. In lissafi ya daidaita, za a cike takardar sakamako mai suna EC8A, a rubuta da lamba da kalmomi, shugaban rumfa ya sa hannu ya buga hatimi, ejan-ejan su sa nasu, kowa a ba shi kwafi, har ɗan sanda. Sai a karanta da ƙarfi, a cike babbar takarda a liƙa a bango don jama'a. Sannan a ɗauki hoton takardar sakamakon da na'urar a tura shafin IReV, inda kowa zai iya dubawa.

Ɗauki hoton ta bangon da wayarka, yadda sunan rumfa da lambarta za su fito. A 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau shafin a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, maganar ta je har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da zaɓen ranar 26 ga Oktoba. Wanda ke da hoton rumfarsa shi ne ya iya kwatantawa da abin da ya fito daga baya. Sauran sai dai "an ce".

Daren da kwanakin jira

Kana isa gida wayarka za ta cika da sakamako. Na rumfuna, na gaskiya da na ƙarya, da wanda aka ɗauko daga zaɓen da ya wuce, da muryar wani da ke rantsuwa cewa yana cikin ɗakin tattarawa. Akwatinka ɗaya ne cikin dubu ɗari da saba'in da wani abu. Daga rumfa sakamako zai je gunduma, daga nan ƙaramar hukuma, sai jiha, inda baturen zaɓe, galibi shugaban wata jami'a, zai karanta, sannan Abuja. Shugaban hukumar ne kaɗai ke bayyana wanda ya ci, kuma sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a ya kuma samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. A 2023 an jefa ranar Asabar, ba a bayyana ba sai wajen ƙarfe huɗu na asubahin Laraba, 1 ga Maris.

Abin da unguwarku ta zaɓa ba lallai shi jiha ta zaɓa ba, na jiha kuma ba lallai shi ne na ƙasa ba. A jihar Kaduna Atiku Abubakar ne ya zo na ɗaya da 554,360, Bola Tinubu 399,293, Peter Obi 294,494, Rabi'u Kwankwaso 92,969, amma Tinubu ne ya ci ƙasa. Mutumin Kabala West da na Sabon Tasha kowa zai iya rantsewa cewa a rumfarsa nasa ne ya cinye, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba.

Mu a garin nan mun san kuɗin jita-jita. Bayan zaɓen 16 ga Afrilu 2011 an yi asarar ɗaruruwan rayuka a Arewa, jihar Kaduna ce ta fi jin jiki, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, har zaɓen gwamna sai da aka jinkirta mana. Don haka a kwanakin jira, samarin gida su kwana a gida. Saƙon da ba ka san tushensa ba ya mutu a wayarka. In za ka tsallaka gada don aiki ko kasuwa, kira wani da ke can ka ji yadda gari ya kwana kafin ka fita. Murna ma in ta zo, a yi ta a ƙofar gida, ba a kan babur ana wasa da rai ba.

Katin kuma kada ka bar shi a aljihun rigar da za a kai wanki. Mayar da shi inda ka ɗauko shi a daren nan, don zaɓen gwamna da na majalisar jiha yana biye. A 2023 an sa shi 11 ga Maris, aka ɗaga zuwa 18, kuma a rumfar nan dai ta bayan masallaci aka yi.